Darasi na Bakwai: Tanadin Harawa da Kiwon Tumaki a Ƙaramar Gona

MANUFOFIN DARASI

Idan mun kai ƙarshen wannan darasi, ana son kowane ɗalibi, mace ko namiji, ya iya:

1. sanin lokacin da ya dace a yanki ciyawa da harawa;
2. shanya su da adana su ba tare da sun lalace ba;
3. lissafin abincin da rago zai ci tun daga ranar ɗaure shi har ranar kai shi kasuwa;
4. kula da amalanke da tsohon inji don su daɗe suna aiki;
5. fitar da riba ko faɗuwa da alƙalami, ba da ƙiyasi ba.

1. ƘASARMU DA WATANNIN YUNWAR DABBA

Dogon Kiriya tana can arewacin gundumar Dogon Dutsi, cikin jihar Doso ta Nijar. Duk wanda ya bi Dallol Mauri daga Tibiri ya yi arewa, ya wuce Dogon Dutsi da Matankari, ya san ruwan sama raguwa yake yi tafe da tafe, ciyawa kuma tana gajarcewa. Damina a nan wata uku ce zuwa huɗu, daga Yuni zuwa Satumba. Sauran wata takwas ɗin, abin da damina ta bari shi dabba za ta ci.

Da kaka ba a jin komai. Gonaki cike suke da kara, ga harawa, ga ciyawa har bakin hanya. Da an shiga watan Maris sai labari ya sake. Daji ya zama fili, iska ta kwashe abin da ya saura, gara ta ci nata. Daga Afrilu zuwa saukar ruwa za ka ga tunkiya ana ƙirga haƙarƙarinta, tana tsintar leda a bola. A wannan lokaci ne mai dabba yake sayar da ita da araha, ko ya sayi harawa da tsada. Dattawa ba su manta da farin 1973 da na 1984 ba, matasa ma sun ga 2005 da 2010, shekarun da rashin ciyawa ya kashe dabbobi masu yawa a Nijar.

Ga kuma wani abu na ƴan shekarun nan. Sallar Layya tana matsowa baya da kusan kwana 11 kowace shekara. A 2024 an yi ta tsakiyar Yuni, a 2025 farkon Yuni. Wato mai turkar ragon layya yana ciyar da shi ne a tsakiyar bazara, daidai lokacin da abincin dabba ya fi tsada. Wanda bai tanada ba tun kaka, ribarsa mai sayar da harawa zai ci.

AKWATIN KALMOMI
Harawa: busasshen ganye da yaɗon wake ko na gyaɗa da ake ajiye wa dabbobi.
Ingirici: ciyawar da aka yanka tana kore, aka shanya ta, aka ajiye.
Budu: ciyawar da ta bushe a tsaye cikin daji, ta zama fara.
Karmami: ganyen dawa.
Dusa: abin da ke fita bayan surfe ko niƙa.
Turka: ɗaure dabba wuri ɗaya ana ba ta abinci don ta yi ƙiba.

2. YAUSHE AKE YANKA?

Wannan shi ne kashi mafi muhimmanci a darasin, don haka za mu daɗe a kansa.

Amfanin ciyawa yana cikin ganyenta ne lokacin da take kore. Da ta fara fitar da kai, sai ta riƙa tura ƙarfinta zuwa ga ƴaƴa. Idan ƴaƴan suka nuna suka zube, abin da ya saura tsinke ne kawai. Dabba za ta cika ciki da shi, amma ba zai sa mata nama ba. Shi ya sa ingirici da budu ba ɗaya ba ne, ko da daga fili ɗaya aka samo su. Mutane da yawa a ƙauyukanmu sai Nuwamba ko Disamba suke fita da manjagara su tattaro budu. Sun sha wahala, sun cika amalanke, amma sun makara da wata biyu.

Lokacin yanka shi ne sa'ad da ciyawa ta fara fure, ƴaƴa ba su ƙosa ba. A yankinmu na Arewa wannan yakan faɗo daga ƙarshen Agusta zuwa tsakiyar Satumba, gwargwadon yadda damina ta sauka. Gadagi yana kan gaba wajen daraja, domin dangin wake ne, tumaki kuma suna sonsa ƙwarai. Kyasuwa da harkiya da komayya duk suna yin ingirici mai kyau. Ƙarangiya ma abinci ce ta gaske, sai dai a riga ta: da ta yi ƙaya, mai yanka ba zai ji daɗi ba, bakin dabba ma haka. Garmani kuwa, wanda ya cinye burtali da makiyaya da yawa, ba a ɓata lauje a kansa.

Za ku ce: a watan Satumba ai muna tsakiyar aiki, ga girbin hatsi ya matso, ga ruwa bai ɗauke ba. Gaskiya ne, kuma ita ce wahalar wannan aiki. Ba a ce a bar gona a koma yankan ciyawa ba. Awa biyu da hantsi, kwana goma ko sha biyar, mutum biyu da lauje mai kaifi za su tara abin da zai riƙe tumaki biyu ko uku tsawon makonni. A duba sama kafin a yanka. Idan hadari yana haɗuwa a gabas, a bari sai gobe. A jira raɓa ta ɗauke. A bar kamar faɗin yatsa huɗu daga ƙasa, kuma kada a aske fili gaba ɗaya. A bar wani yanki ya zubar da iri saboda baɗi.

Harawar wake ita ma tana da ranarta. Da an gama tsinkar ƙarshe, ganye yana kore, sai a yanke. Wanda ya bari har ganye ya yi rawaya ya zube a gona, igiya zai kai gida. Idan an yi wa waken feshin maganin ƙwari, a tambayi malamin gona kwana nawa za a jira kafin dabba ta ci. Akwai irin wake da ke ba da ƙwaya da harawa duka biyu; cibiyar binciken noma ta ƙasa, INRAN, ta fitar da irinsu, kamar TN5-78. Mai kiwo ya kamata ya yi tunanin harawa tun ranar zaɓen iri.

Abu ɗaya game da doka. Dokar kiwo ta 20 ga Mayun 2010 ta sa ƙa'ida kan tattara ciyawa a filayen kiwo, domin makiyaya ma da ita suke rayuwa. Abin da ke cikin gonarka naka ne. Abin da ke makiyaya ta kowa da kowa, a tambayi mai gari ko kwamitin kula da filaye kafin a shiga da amalanke. Haka kuma hukuma ce ke sa ranar sakin gonaki ga dabbobi kowace shekara. A kwashe harawa da karan da ake so kafin ranar, don kada abin da bai kai ya kawo ba ya jawo faɗa tsakanin manomi da Bafulatani maƙwabcinsa.

3. SHANYA DA AJIYA

Ɗanyar ciyawa kusan kashi uku cikin huɗu nata ruwa ne. Kilo 4 na ɗanya zai ba da kusan kilo 1 na busasshiya. A baza ta sama-sama, a juya ta sau ɗaya ko biyu a rana. Da rana mai kyau, kwana biyu zuwa uku sun isa. Idan ta wuce haka a rana, korenta zai tafi, ganye ya kakkarye. Idan kuma ba ta bushe ba aka tara ta, za ta yi zafi a ciki, ta yi fumfuna, ta yi wari. Irin wannan tana sa dabba ciwo, tana iya sa mai ciki ɓari.

Ga hanya biyu ta gwadawa. Ka ɗebi danƙi ɗaya ka murɗa: idan ya jiƙa maka hannu, da saura, idan ya yi ƙara kaɗan amma bai farfashe ba, ya yi. Ko ka sami busasshiyar kwalba, ka sa yankakkiyar ciyawa da cokali ɗaya na busasshen gishiri, ka rufe, ka girgiza. Idan gishirin ya dunƙule ya manne a jikin kwalba, akwai sauran ruwa.

Harawa da sassafe ake naɗe ta, a ɗaure, a ɗora, lokacin da sanyin safiya ya sa ta yi laushi. Wanda ya ɗauke ta da azahar, rabin ganyen a hanya zai bar shi.

Sai wurin ajiya. Al'adarmu ita ce a jibge harawa a kan itace, ko kan ɗaki, ko bisa rumfa. Akuya ba ta kai gare ta, wannan gaskiya ne. Amma ku je ku duba irin wannan harawa a watan Maris: ta sama ta zama fara fat, ta taɓa ta zube, ta tsakiya kaɗai ke da kore. Rana ta yi wata biyar tana cin ta. Maganin abin ba ya bukatar kuɗi. A kafa rumfa, a yi mata daɓe na itace da ya ɗaga daga ƙasa kamar kamu ɗaya saboda gara da danshi, a rufa saman da zana ko kara, a bar gefe iska tana ratsawa. A zuba toka a gindin kowane ginshiƙi. Rumfar ta yi nisa da murhu, a share ciyawar da ke kewaye da ita saboda gobara.

AKWATIN KALMOMI
Fumfuna: farin ko baƙin abu da ke fitowa kan abincin da aka ajiye da danshi.
Akwatin matsa ciyawa: akwatin katako marar murfi da ake danna ciyawa a ciki don ta fito a dunƙule.

MISALI NA ƊAYA

Wani manomi yana da ƙaramar rumfa, ciyawarsa kuma ta fi ƙarfin wurin. Sai ya sa kafinta ya yi masa akwati mai tsawon santimita 80, faɗi 40, zurfi 40. Ya shimfiɗa igiya biyu a ciki, bakinsu na reto a waje. Ya zuba ciyawa, ya hau ya tattake, ya ƙara, ya tattake, har ta cika. Ya ɗaure igiyoyin tam, ya kife akwatin. Ya kai ƙunshi ɗaya wurin mai sikeli, ya tarar kilo 9 ne. Da ya ƙirga ƙunshi 20, ya san yana da 20 × 9 = kilo 180. Ribar akwatin biyu ce: wuri ya ishe shi, kuma ya san adadin abin da ya mallaka.

4. AMALANKE, LAUJE DA TSOHON INJI

Ƙaramar gona ba ta bukatar tarakta. Abin da take bukata shi ne kayan da ke hannu su kasance da lafiya ranar da za a neme su. Hausawa suka ce da tsohuwar zuma ake magani, kuma yawancin kayan aikin da ke ɗauke da noman Arewa tsofaffi ne. A garin Doso akwai masana'antar CDARMA da ta daɗe tana ƙera amalanke da kayan noman dabbobi, maƙera da masu walda na garuruwanmu kuma sun iya gyaransu.

Lauje a kai shi maƙera tun watan Yuli. Amalanke kuma a duba shi kafin kaka: iskar taya, giris a cikin boris, kusoshin da suka saki, da shimfiɗar bayan jaki. Jakin da ya yi gyambo a baya ba zai yi jigila ba, kuma zalunci ne a ɗora masa. Kada a yi lodin da ya fi ƙarfinsa don ana gudun sawu biyu; cikin yashi, lodi mai nauyi shi ke karya ƙarfen taya.

Yanzu mu zo ga inji. Idan aka jefa wa tunkiya karan hatsi ɗungurungum, ganye da kan mai laushi za ta ci, ta tattake sauran. Idan aka daddatse shi ƙanana, aka yayyafa ruwan gishiri ko na kanwa, aka barbaɗa dusa, za ta ci mafi yawansa. Da adda da gungume ana iya yi wa dabba biyu ko uku. Idan sun fi haka, sai inji. A ƙauyuka da yawa akwai tsohon injin niƙa mai shan gazuwal, mai silinda ɗaya. Irin wannan inji yana iya juya na'urar datsa kara ta hanyar bel, in an sami makaniki ya daidaita su. Yana niƙa ƴaƴan gawo da na kalgo da ƙowar wake ma.

Tsohon inji ba shekaru ke kashe shi ba, ƙura da rashin mai ne. Kowace safiya kafin a tayar, a duba baƙin mai, a duba ruwan sanyaya shi, a taɓa bel a ji ko ya saki. Matatar iska a share ta kullum, domin datsar kara ƙura gare ta ƙwarai. Baƙin mai a canza shi bayan kusan awa 100 na aiki, wanda ke nufin sai an sami littafi ana rubuta awowin. Gazuwal na kwalba a tace shi da ƙyalle mai tsabta. Wuƙaƙen na'ura in sun dakushe, inji zai sha mai da yawa ya yi aiki kaɗan.

Ina roƙon ku ku riƙe wannan da kyau: bel ba ya sakin abin da ya kama. Kada a tsaya kusa da shi da babbar riga, ko mayafi, ko rawani mai jela. Kada a tura kara da hannu har bakin wuƙa, a yi amfani da sanda. In ya toshe, a kashe inji tukuna. Yara su yi nesa. A tsince waya da ƙusa da leda daga cikin kara kafin a zuba.

A ganina bai kamata mai tumaki biyar ya ci bashi don sayen inji shi kaɗai ba. Aikinsa na shekara bai wuce na kwana biyu ba, sauran kwanakin injin zai zauna yana tsatsa. Ƙungiya ce ta dace da shi, ko ta unguwa ko ta mata irin ta Mata Masu Dubara, tsarin asusun da ya faro a Maraɗi a 1991. Kowa ya biya kuɗin buhu, a raba kuɗin uku: na gazuwal, na mai tuƙa injin, da na gyara. Kason gyara kada a taɓa shi don biki ko suna. Inda aka cinye shi, ranar da inji ya tsaya ya tsaya ke nan.

5. ZAƁEN RAGO DA CIYAR DA SHI

A kasuwanninmu za ku haɗu da Uda, mai gaba baƙi ko ja, baya fari. Da Bali-bali, fari mai dogon kunne. Da Ara-ara na arewa, mai jure wahala. Wani lokaci da Balami, ƙaton farin rago da aka fi sani a wajen Maraɗi. Babban rago babban ciki gare shi. Mai ƙaramin tanadi ya sayi wanda zai iya ciyarwa.

Don turka, a nemi mai shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi, wanda ya fara canza haƙoran gaba. A nemi mai dogon jiki da faɗin ƙirji, ramamme don yunwa, ba don ciwo ba. A buɗe baki, a duba ido, a duba hanci ko yana yoyo, a ɗaga wutsiya a ga ko yana zawo, a sa shi ya yi tafiya. Mai neman kasuwar layya ya tuna cewa mai ido ɗaya, da gurgu, da mai ciwo a fili, da wanda ya rame ƙwarai ba sa layya.

Da an kawo shi gida a ware shi mako biyu, kada ya gauraya da na gida. A kira ma'aikacin kiwo ya ba shi maganin tsutsar ciki, ya duba kaska. Kowace shekara gwamnati tana fitowa rigakafin dabbobi, har da na annobar tumaki da awaki da ake kira PPR, mai kawo zazzaɓi da majina da zawo, wadda duniya ta sa niyyar kawar da ita zuwa 2030. Kada a ɓoye dabba ranar allura. Kuma duk maganin da aka yi wa rago, a tambaya kwana nawa za a jira kafin a yanka shi.

Ƙa'idar abinci mai sauƙi ce: a rana, tunkiya ko rago yana cin busasshen abinci kusan kashi 3 cikin 100 na nauyinsa. Mai kilo 30 zai ci kusan gram 900. Yana girma, cin yana ƙaruwa.

MISALI NA BIYU

Wata mata a Dogon Kiriya tana son ta turke raguna 2 na kwana 90. Ta tsara wa kowane ɗaya a rana: harawa gram 500, ingirici gram 300, dusa gram 300.

Harawa: rabin kilo × 2 × 90 = kilo 90.
Ingirici: gram 300 × 2 × 90 = kilo 54.
Dusa: gram 300 × 2 × 90 = kilo 54.

Dabba takan zubar da wani abu, don haka ta ƙara kashi ɗaya cikin biyar a kan harawa: 90 + 18 = kilo 108. Ta auna daminta ɗaya, kilo 3 ne. 108 ÷ 3 = dami 36. Idan ta leƙa rumfa a watan Nuwamba ta ga dami 20 ne, tana da zaɓi biyu: ta sayi 16 yanzu da sauran araha, ko ta turke rago ɗaya. Abin da bai kamata ba shi ne ta ɗaure biyu tana fatan Allah zai kawo, sannan abinci ya ƙare saura wata ɗaya Salla.

Dusa a fara da kaɗan, a riƙa ƙarawa cikin mako biyu. Ragon da aka cika wa dusa ko ragowar tuwo farat ɗaya yakan yi kumburin ciki, wani ma ya mutu. Yawan dusa ba tare da isasshen ganye da ruwa ba yana iya toshe wa rago fitsari. A ba shi ruwa mai tsabta safe da yamma, a bazara har da rana. Lita 4 zuwa 5 ba ta yi yawa ba a lokacin zafi. A ajiye masa gishiri ko kanwa ya riƙa lasa. Jiharmu ba ta rasa su ba: ga gishirin Foga, ga kanwar Dallol Boso. Abinci a zuba a kwami ko rabin duro, ba a ƙasa ba. Turke ya kasance cikin inuwa.

Mai gawo a gonarsa ya yi sa'a. Gawo da rani yake ganye, ƴaƴansa kuma suna zuba daidai lokacin da ake nemansu. A tara su a buhu. Duk ƙaramin gawon da ya fito a gona a bar shi, a yi masa sassabe.

6. TUNKIYA DA ƊANTA

Turka tana kawo kuɗi a dunƙule, amma tunkiya ce jari. Cikinta wata biyar ne. A makonni shida na ƙarshe ɗan yake girma da sauri, don haka a wannan lokaci, da kuma lokacin shayarwa, ita ta fi cancantar harawa mafi kyau, ko da za a rage wa rago. Da ta haihu a tabbatar ɗan ya sha dakashi cikin awowin farko, a sa masa magani a cibiya, a ajiye su wuri busasshe. A yaye shi a wata uku zuwa huɗu. Ragon barbara a canza shi bayan shekara biyu don kada ya hau ƴaƴansa.

Farkon damina ma lokacin hattara ne. Dabbar da ta yi watanni tana cin busasshe, in aka sake ta da yunwa cikin ɗanyar ciyawa mai raɓa, cikinta na iya kumbura. A ba ta ɗan ingirici kafin ta fita.

Takin turke a tara shi a rami, a kai gona da amalanke kafin shuka. Kuma kada a kwashe karan gona duka. A bar wani a kwance, domin ƙasar yashi da aka bari tsirara iskar bazara ce ke ɗauke ta.

7. RIBA KO FAƊUWA

MISALI NA UKU

Farashin da ke nan na koyon lissafi ne. Ku sa na kasuwarku. A ƙaddara maza biyu kowa ya sayi rago jika 45, wato sefa 45,000. Kowa ya kashe 6,000 a dusa, 2,000 a magani da gishiri. Kowa yana bukatar dami 18 na harawa. Na farko ya tanada da kaka, dami yana sefa 200: 18 × 200 = 3,600. Na biyu ya saya a bazara, dami yana 600: 18 × 600 = 10,800. Dukansu suka sayar jika 70.

Na farko: 70,000 − 56,600 = ribar 13,400.
Na biyu: 70,000 − 63,800 = ribar 6,200.

Rago iri ɗaya, wahala iri ɗaya, amma ribar na farko ta ninka ta na biyu har da ɗori. Ku lura kuma: ko harawar daga gonarka ta fito, ka sa mata kuɗi a lissafi, tun da kana iya sayar da ita. Kada a manta da la'adar dillali da kuɗin shiga kasuwa.

TAMBAYOYIN BITA

1. Mene ne bambancin ingirici da budu? Wanne ya fi sa dabba ƙiba, kuma don me?
2. A wane mataki na girmanta ya kamata a yanki ciyawa?
3. Bayyana gwajin kwalba da gishiri.
4. Me ke samun harawar da ta yi wata biyar a kan itace?
5. Faɗi abubuwa uku da ake dubawa kafin a tayar da inji, da abubuwa biyu da ba a yi kusa da bel.
6. Rago mai kilo 40, gram nawa na busasshen abinci zai ci a rana?
7. Mutum yana da raguna 3, kowane yana cin rabin kilo na harawa a rana. Dami nawa mai kilo 3 yake bukata na kwana 60?
8. Don me ba a cika wa rago dusa tun ranar farko?
9. A wane lokaci tunkiya ta fi bukatar abinci mai kyau?
10. Tattaunawa cikin aji: a garinku, wa ke da injin da za a iya haɗa wa na'urar datsa kara, kuma yaya za a raba kuɗin aikinsa?

AIKIN GIDA

Kowa ya ƙirga dabbobinsa, ya ƙirga damman harawar da ke rumfarsa, ya kai dami ɗaya wurin mai sikeli. Ku rubuta lambobin uku a littafinku, ku zo da su aji mako mai zuwa, mu lissafa tare har wane wata abincin zai kai ku.